Hadarin da na ce ba namu ba ne

Assalamu alaikum, Abba.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Ila da sauran abokan aikinku. Allah ya tsare ku a cikin rami da bakin rami, ya dawo da ku gida da ƙafafunku.

Kumfa na fara gani. Ina tsugune a kan gaɓar ƙorama ina hura wuta, sai na hango wani farin abu yana tahowa a kan busasshen yashi, yana turo kashin awaki da ƙirare da tsohuwar ciyawa a gabansa. Ba gudu yake ba, tafiya yake irin ta mutum mai sauri. Na ɗaga kai. Rana na nan, sama fes, ko ɗigon ruwa bai taɓa ƙasarmu ba. Na sake duban kumfar nan, sai na gane. Hadarin da na gani da hantsi can gabas, wanda na ce ba namu ba ne, shi ne ya iso ta ƙasa. Babanka kuwa yana cikin rijiyar da yake ginawa a tsakiyar ƙoramar.

Ka ji labarin nan a bakin mutane da yawa ranar da ka zo daga Damagaram karɓar gaisuwa. Ba ka ji shi a bakina ba. Kai ɗan fari ne, ban saba zama da kai in ja dogon zance ba, ko sunanka ban taɓa kira ba. Shekara ta kusa zagayowa, kullum in na buɗe baki sai kunya da kuka su haɗu su rufe shi. An ce inda kuke babu rezo, waya ba ta shiga. Shi ya sa na ɗauki biro. Karatuna na lakwal, wato makarantar boko, bai yi nisa ba, ka yi haƙuri da rubutun. Zan ba direban da ke zuwa kasuwar Belbeji, ya ce ya san wanda zai kai maka.

Ranar da Ila ya zo ɗaukarka ina bayan zana ina jinku. Ya ce, "Rijiyoyin makiyaya ne, a cikin kwari, yashi mai taushi. Mu yi maza mu gama kafin ruwa ya sauka." Na ce daga inda nake, "Ila, ai iska ta riga ta juya." Ya yi dariya ya ce, "Haba Habsu, ke ce rediyo yanzu? Ni da marigayi mun yi ta gini har cikin damina ba abin da ya same mu." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya kau da kai. Kai kuma ka sunkuyar da kai, ka ɗauki digar babanka ka fita. Ban hana ka ba. Gidan nan gina rijiya ya ciyar da shi tun kakanka, ba ni da abin da zan ba ka a madadinsa. Amma ka tafi ba ka san sama ba. Ka yi ƙuruciyarka a birni wurin kawunka, inda hadari abin gudu ne a shiga ɗaki kawai. Bari in gaya maka kurakuraina, don ta nan na san ɗan abin da na sani.

Na farko, iska. Shekarar da aka kawo ni gidan nan, aka yi wani ruwa da wuri, ƙasa ta yi ƙamshi, yara na ta tsalle. Babanka yana wajen gini. Ni da zumuɗin amarya na kwashe irin geron da ke cikin tulu na je na shuke 'yar gayaunata. Kakarka tana zaune tana kaɗi, ta bar ni sai da na dawo, sannan ta ce, "'Yar nan, jiƙa yatsa ki ɗaga." Na jiƙa na ɗaga. Ta ce, "Ta ina ya yi sanyi?" Na ce ta arewa. Ta ce, "To kin ciyar da ƙasa, Allah ya ba ki lada." Gero ya tsiro, ya yi kore shar, rana ta ƙone shi tas. Ba a sake ruwa ba sai da wata ya wuce.

Abin da kakarka take nufi shi ne ruwa ba ya zama sai iskar da ke kawo shi ta zauna. Duk tsawon rani iskarmu daga arewa da gabas take, busasshiya, tana tsage leɓe. In bazara ta yi nisa sai wata ta taso daga kudu maso yamma. Mushe, malaminmu na lakwal, ya ce daga teku take, tana ɗauke da damshi. Ban taɓa ganin teku ba, amma na san iskar. In ta zo, gumi ba ya bushewa a jiki, ruwan randa ba ya sanyi kamar da, gishiri yana dunƙulewa a ƙwarya, igiyar guga tana laushi a hannu. Manomi murna yake in ya ji ta. Kai ba manomi ba ne yanzu. A wurinka, ranar da ka ji igiya ta yi laushi, ka sani lokacin gini a cikin ƙorama ya ƙare ko yana gab da ƙarewa. Iskar nan ta riga ta zo, Abba. Tun kafin ka tafi gishirina ya dunƙule.

Na biyu, na daɗe ina tsoron abin da ba ya kisa. Guguwa nake tsoro. In na gan ta tana juyi da tsakar rana sai in kama addu'a, in ja ku ɗaki, don an gaya mana ba ita kaɗai take tafe ba. Babanka ya riƙa yi mini tsiya: "'Yar lakwal, ba Mushe ya ce ƙasa ce ta yi zafi iska ke tashi ba? Ko karatun ya bi guguwar?" Gaskiyarsa. Ƙasa ce ke zafi kamar kasko, iskar da ke kanta ta tashi sama tana murɗawa. Iyakarta ta watsa maka shanya, ta cika maka ido da ƙasa, ko ta ɗage jinka in ta yi ƙarfi. Ka yi addu'arka, amma kada hankalinka ya ƙare a kanta.

Abin da ya kamata in ji tsoro ban ji ba sai da hadari ya koya mini da kansa. Kana goye a bayana, na kai awaki bayan gari da la'asar. Zafi ya yi nauyi, ko ganye ba ya motsi. Gabas ta yi ja kamar bangon jar ƙasa da aka gina tun daga ƙasa har sama. Na ce ƙura ce kawai, bari in ƙara ɗan kiwo. Sai wata iska mai sanyi ta bugo ni a fuska, kafin in tattara awaki duhu ya rufe, ban ganin hannuna. Na ruga ƙarƙashin wani babban gawo da ke tsaye shi kaɗai a fili, awaki suka bi ni. Da ruwa ya sauko kai ka tsala kuka, ka ƙi shiru, har na ce gara in jiƙe in kai ka gida. Ban yi nisa ba aka yi wani haske da ƙara a lokaci guda. Na faɗi a kan gwiwoyina. Da na waiga, gawon ya tsage, awakin da suka tsaya a gindinsa suna kwance. Kukanka ne ya fitar da mu.

Ka riƙe yadda yake zuwa. Iskar nan mai damshi, in rana ta gasa ƙasa, sai ta hau sama. Can sama akwai sanyi, sai damshin ya koma gajimare. Mushe ya nuna mana da murfin tukunya: tururi ya taɓa murfi mai sanyi, ya zama ɗigo, ya zubo. Gajimaren ya yi ta hawa kan juna kamar tarin auduga, kansa ya baje, gindinsa ya yi baƙi. In ruwa ya fara zuba daga cikinsa yana jawo iska mai sanyi ƙasa, ita kuma in ta bugi ƙasa sai ta ruga gaba tana kwasar ƙura. Wannan shi ne jan hadari. Saboda haka in ka ji shiru da nauyin zafi, sannan sanyi ya bugo ka daga gabas, ba ka da lokacin gardama. Kada ka fake a gindin itacen da ya fi komai tsawo. Kada ka tsaya a kan tudu riƙe da diga ko ƙarfen gini. Ka yar da su, ka nemi wuri ka tsuguna, amma ba cikin ƙorama ba.

Duk wannan na sani kafin bara. Na san iska, na san jan hadari, na san tsawa. A gari har tambayata mata suke yi ko su kwashe shanya. Abin da ban sani ba shi ne ruwan da ya sauka a kan wasu yana iya zuwa ya same ka a inda kake.

Yaron da ke ja wa babanka guga ya tafi gonarsu binne, don kowa na son iri ya kwana a ƙasa kafin ruwan fari. Sai babanka ya ce in zo in tsaya masa. Ka san ƙa'idar aikin, ko Ila ya gaya maka: wanda ke cikin rami ba shi da ido. Abin da yake gani ɗan da'irar sama ce kamar faifai. Na bakin rijiya shi ne idonsa da kunnensa. Shi ke jan yashi, shi ke riƙe igiya, shi ke cewa fito.

Da hantsi na hango hadari can gabas, wajen Tanut. Ya yi tsawo, kansa fari ya baje, ƙarƙashinsa baƙi, ga ruwa yana sauka daga cikinsa kamar ƙafafu har ƙasa. Ina ganin walƙiya amma ban jin cida, saboda nisa. Na leƙa rami na ce, "Malam, akwai hadari a gabas."

Ya ce, "Yana tahowa?"

Na jiƙa yatsa na ɗaga kamar yadda kakarka ta koya mini. Ba sanyi, ba ƙura. Na tsaya ina kallonsa har na ga ya fara yagewa yana karkata kudu. Na ce, "A'a. Ba namu ba ne. Na mutanen gabas ne."

Ya ce, "Allah ya ba su albarkarsa. Sako guga, 'yar lakwal, yashi ya fara danshi. Yau za ki sha ruwan rijiyar mijinki."

Na ce, "Ruwan laka dai."

Ya ce, "Ke da aka auro daga garin da ake wanka da moɗa ɗaya, har kin samu bakin raina laka?"

Muka yi dariya. Na yi ta jan yashi har hannuna ya yi ja. Bayan azahar ya fito ya yi salla, ya koma. Ya ce ragowar kaɗan ne, in hau gaɓa in dafa masa shayi, zai tara yashin in na dawo in ja. Jakinmu da muka ɗaure a inuwar wata bagaruwa a cikin ƙorama ya yi ta fizgar igiya yana son hawa tudu. Na zage shi, na ce ƙuda ne ke damunsa. Na bar bakin rijiya na hau.

Da na ga kumfar nan na zubar da butar shayi na gangara ina ihu. Na isa bakin rami kafin ruwan. Na ce, "Malam, fito! Ruwa!" Ya ɗago kai ya dubi ɗan faifan samansa, ya gan shi shuɗi. Ya ce, "Wane ruwa?" Wannan tambayar ita ta ci lokacin. Ba musu yake ba, abin da idonsa ya nuna masa ke nan. Na ce, "Ta ƙasa! Ta ƙasa yake zuwa!" Sai ya kama igiya ya fara hawa. Na ga hularsa, na ga hannunsa. Bayan kumfar akwai ruwa na gaske, ja, mai kauri, da ƙara kamar babbar mota. Ya taɓa bakin rijiyar, yashin da muka tara a gefe ya narke ya zuba ciki, itatuwan da aka kafe baki da su suka sulale. Ina riƙe da igiya. Ban sake ta ba, ruwan ne ya ɗauke ni da ita ya maka ni a saiwar bagaruwa. Sai washegari da ruwa ya janye maza suka tono babanka.

Kowa ya ce mini kwana ne ya ƙare. Na yarda, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma Allah ya ba mu ido, kuma ranar nan idon babanka ni ce. Na duba sama a kanmu, ban tambayi kaina ina ruwan can zai tafi ba.

Daga baya na yi ta tambaya, duk wanda ya zo gaisuwa daga gabas sai na tsare shi. Suka ce a wajensu ruwan ya sauka kamar ana juye tulu. Ƙasar can tsandauri ce da tsakuwa, ta sha rana wata da watanni ta yi tauri kamar daɓe. Ruwan fari in ya faɗa mata da ƙarfi ba ta shansa, gangarawa yake. Ƙananan hanyoyi su zuba cikin manya, manya su zuba cikin ƙorama, ƙorama ta nufi kwarin Tarka. Yana iya yin rabin yini a hanya. Kafin ya iso, hadarin da ya haife shi ya watse, sama ta wanke, ka manta ma ka gan shi.

To ga abin da nake roƙonka, kuma ban taɓa roƙonka komai ba.

Duk ƙoramar da za ku yi gini a cikinta, kafin ka sa diga ka tambayi makiyayan wurin ina kanta yake, daga wace ƙasa take tasowa. Su sun sani, don su ke bin ta da dabbobi. Wannan gefen za ka riƙa duba, ba saman kanka ba. In ka ga hadari ya sauke ƙafafu a can, ko da ba ka ji cida ba, ko da ya watse, ranar nan ba a shiga rami, washegari ma sai an ga abin da ƙorama ta yi. In akwai tudun da waya ke kamawa, ka karɓi lambar wani da ke zaune can sama, ka hau ka kira shi da safe ka ce, an yi ruwa wajenku? In da rediyo ku saurari abin da masu duba yanayi ke faɗa, amma su ƙasa gaba ɗaya suke magana a kai, ba su san ƙoramarka ba.

Kada ku kwana a cikin kwari don yashinsa na da taushi da sanyi. Ku hau tudu ko da ƙaya. Yashin da kuke fitarwa ku zubar da shi nesa da baki. In jaki ko raƙumi ya ƙi zama a ƙasa, kada ka zage shi kamar yadda na yi, yana jin abin da ba ka ji ba.

In kai ne a sama, ba ka da shayi, ba ka da waya, ba ka da hira da 'yan matan da suka zo ban ruwa. Ko na cikin rami ne da kansa ya aike ka, ka ce masa a'a, ya fito tukuna. In kai ne a ƙasa aka ce fito, ka fito. Kada ka ɗaga kai ka duba, kada ka tambaya, kada ka tsaya ɗaukar diga. Digar babanka ce, na sani. Ka bar ta.

Na san abin da zai fi yi maka wuya, kuma shi ke hana ni barci. Ila zai ce, "Saura kaɗan, yashi ya fara danshi." Haka ake cewa kullum, don ruwa ba ya nuna kansa sai a ƙarshen aiki, kuma ba mai son ya bar ramin da ya sha wahala a kansa ƙorama ta cike. Sauran za su yi maka dariya, su ce ɗan birni, su ce ɗan mace. Kai kuma yaro ne a cikinsu, kana jin nauyin abokin babanka. Ila ba mugu ba ne, shi ya fara sa hannu a yashi ranar da aka tono babanka, yana tono yana kuka. Amma mutum ne da ya tsira sau da yawa har ya ɗauka iyawarsa ce. Ka ba shi girmansa, ka ce, "Baba Ila, ka yi haƙuri, yau ba zan shiga ba." In ya matsa, ka ce ni na hana. In ya kore ka, ka taho gida. Akwai gero a rumbu, zai kai mu.

Ina rubutun nan a ƙofar ɗaki. Tun ɗazu gajimare ke taruwa a gabas, kawunansu sun fara bajewa. Ƙannenka mata suna murna, sun ce gobe shuka. Ni kuwa ina ta lissafin ta ina ƙoramarku ta taso, kuma ban sani ba, don ban tambayi Ila ba ranar da ya zo.

Allah ya kiyaye ka daga ruwan sama da ruwan ƙasa. Allah ya sa ka ji kira ka amsa. Ya jiƙan babanka, ya sa kabarinsa ya fi masa ramukan da ya gina sanyi da yalwa. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka gai da Ila, ka ce ba na riƙe da shi a zuciya.

Mahaifiyarka,
Habsu

Rijiyar babanka tana nan a cike da yashi, ba wanda ya sake tono ta, ni ma ban koma wurin ba. Kai kuma har yau ba ka aiko mini da sunan wanda ke tsaya maka a bakin rami ba.